Karyar da Ti Belmiro Ya Ce Bebiya Ce

Gracinda ta auri Belmiro Quintela ba shi da komai sai bindigar aro da daɗin baki, kuma ba ta taɓa cewa ta yi da-na-sani ba, in ka cire ranakun Alhamis da Lahadi na lokacin farautar zomo. A waɗannan ranakun kam, ta sha faɗa wa matan ƙauyensu, Fonte Parda, cewa ita an ɗauke ta aikin dafa wa karnuka abinci ne, mijin gyara aka ba ta.

Kamar rabin mazan ƙauyen, Belmiro ya tafi Faransa da ƙuruciyarsa, ya yi shekaru yana rungume da injin fasa kankare a titunan Lyon. Gracinda ta bi shi, ta yi shara da goge-goge a gidajen mutane, ta haifi 'yarsu Ondina a can. Ranar da suka tattaro komatsansu suka dawo gida gaba ɗaya, a saman mota aka ɗaure keken ɗinkinta, ruwan sama ya yi ta jibgarsa tun daga kan iyaka, saboda kujerar baya an bar wa wata gajeriyar karya mai kunnuwa kamar ganyen kabeji. Har gobe in aka taɓo zancen keken nan sai ta galla masa harara.

Bigil ake ce wa irin karyar, sunanta Baronesa. A lokacin karnukan Fonte Parda duk masu dogayen ƙafafu ne, kunnuwa a tsaye. Su hango zomo su bi shi da gudu, in sun kama sun kama, in ya shige ƙaya su dawo suna haki. Da aka sauke Baronesa a dandali, maza suka fito daga shagon kofi suka yi mata zobe.

"Belmiro, ina sauran karen?" in ji Custódio, direban bas. "Ko an riƙe ƙafafun a kwastan ne?"

Lahadi ta zo aka hau tudu, Baronesa ta sa hanci a ƙasa ta saki murya, sai kwarin nan kaf ya amsa. Ita ba ta bukatar ganin zomo. Sawunsa take bi, a natse, tana shaida wa duniya inda ta kai. Shi kuwa zomo, muddin ba a matsa masa da gudu ba, ba ya yin nisa, sai ya yi kewaye ya dawo daidai inda aka tashe shi, don nan ne gidansa. Aikin maharbi shi ne ya tsaya wuri ɗaya ya kasa kunne, ya gane daga muryar ko zomon ya tsallake rafi, ko ya juyo, ko ta hagu zai ɓullo. Ranar nan Belmiro bai wahalar da ƙafarsa ba. Ya jingina da wani dutse yana cin zaitun, ya sauko zomaye na reto a ƙugunsa. Daga nan aka binne zancen kwastan. Ba a daɗe ba ma Custódio ya roƙe shi ya zama uban baftismar ɗansa, suka koma kiran juna kumpadre, wato an ƙulla zumuncin da ba ya kwancewa, an kuma samu izinin zagin juna har tsufa.

Tun daga nan duk kwikwiyon da za a zaɓa a Fonte Parda da ƙauyukan kewaye, sai an jira Ti Belmiro, kamar yadda yara da manya suka koma kiransa, ya zama kawun kowa. Ba ya duba launi. Launi, in ji shi, na masu ɗaukar hoto ne. Sai kwiyakwiyan sun bar nono sun yi ƙwari, sannan ya ɗaura wa busasshiyar fatar zomo igiya, ya ja ta a tsakar gida, ya kewaya itacen ɓaure, ya bi ta bayan tarin itace, ya ɓoye ta. A saki kwiyakwiyan. Kowa ya zuba ido, shi kuwa sai ya kife bokiti ya zauna a kai, ya ba su baya. Da kunne yake zaɓe.

Kare iri biyu ne ba ya bari a gidansa. Akwai maƙaryaci, mai ɗaga murya alhali bai shinshino komai ba, ya kwashi 'yan uwansa su bi iska. Akwai kuma bebe, wanda zai samu sawu ya yi gum, ya kora zomo shi kaɗai, maharbi na tsaye bai san abin da ake ciki ba. Maƙaryaci, in ji Belmiro, yarinta ce, yana iya dainawa. Amma bebe ɓarawo ne.

Horon kuwa rabinsa a hannun Gracinda yake, ko da yake ba a taɓa ambatonta a shagon kofi ba. Ita ke buga murafen tukwane a kan kwiyakwiyan duk lokacin cin abinci, don su taso sun san ƙara alheri ce, kada ranar da suka ji bindiga su arce. Babu murfi ɗaya a kicin ɗinta da ke zama daidai a kan tukunya. Bayan wannan sai a kai su wani shinge a bayan gonar zaitun, inda Belmiro ke ajiye zomon daji ɗaya, tsoho mai wayo, ya yi ta wasa da hankalinsu. Daga nan a haɗa su da wata tsohuwar karya su hau tudu, su koyi sauran a wurinta. Belmiro ba ya dukan kare. Ba ya kuma sayarwa. Ranar bikin São Martinho, da ake gasa 'ya'yan itacen kastanya a dandali ana ɗanɗana sabuwar giyar inabi, yake danƙa igiya a hannun wanda ya ga ya dace, a gaban jama'a. Abin da aka bayar ranar nan ba a neman a dawo da shi, kowa ya san haka.

Gracinda ce ta fara lura, kuma ba a daji ta lura ba, a kicin. Butar shayi ta yi ta fito a kan wuta, yana zaune dab da ita yana gyaran igiya, ko gezau. Waya ta yi ta ƙara, sai ita ta taso daga lambu hannu duk ƙasa. In Ondina ta bugo daga Lyon ta ba jikarsu wayar, sai ya saurara kaɗan ya miƙo wa Gracinda, wai layin Faransa ya lalace. Amma ƙararrawar coci yana jin ta, motar burodi tun tana gangare yana jin ta, muryar maza a wurin karta ba ta wuce shi. Siririn sauti ne ya sulale ya bar shi a hankali. Injin Lyon ya ci rabi, bindiga ta ci saura. Shi a ganinsa matan zamani ne suka koyi magana ciki-ciki.

Abin ya bi shi har kan bokitinsa. Kowace haihuwa, kwikwiyon da ya fi kaurin murya shi yake ɗauka, don shi ne yake ji sosai. A kwana a tashi, karnukan Belmiro suka koma kamar taron dattawa masu mura. Mutane suka ɗauka wani sirri ne na gwanaye, sai kowa ya shiga neman kare mai kaurin murya, har daga bayan garin Mirandela ake zuwa tambaya. Gracinda tana ji ana yabon wannan zurfin ilimi, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tsintar wake. Daga baya mazan ma suka gane, ɗaya bayan ɗaya, amma wa zai fara? Mutumin da duk girmansa a kunne yake, ka tashi ka ce masa kunnen ya tafi? Suna ƙaunarsa, suna kuma tsoron bakinsa. Sai aka koma ɗaga murya in ana magana da shi, aka bar zancen a nan.

Ana haka sai ga Pimenta. Daga zuriyar Baronesa take, ƙarama, jan kai, bakin wutsiyarta fari. Ranar da aka fara ja musu fata, ta bi kowace kwana, har inda Belmiro ya ɗaga fatar ya tsallakar da ita kan tarin itace don ya rikita su. Kuma ta yi murya. Gracinda tana shanya, sai da ta saki zanin gado ta toshe kunnuwa. Siririya ce, mai tsini, kamar ƙyauren ƙarfe da ya shekara bai ga mai ba. Kaji suka watse. Maƙwabciyarsu Ermelinda ta leƙo ta katanga don ta ga wa ake yankawa.

Belmiro yana kan bokiti, ya ba da baya, yana gyaɗa kai.

"Mai kaurin nan, namijin, shi ne," ya ce. "Trovão za a sa masa." Ya juyo, sai ya ga Pimenta zaune a gabansa da fata a baki. "Ke kuma fa? Yaushe kika iso? Ko tari ba ki yi ba!"

Da a ce haushinta na gida ma bai ji ba, da wataƙila ya yi shakka. To amma in baƙo ya taɓa ƙofa, Pimenta tana yin haushi irin na kowane kare, kuma yana ji. Muryar sawu daban take, ita ce ke haurawa sama inda kunnensa ba ya kaiwa. Sai ya yanke hukunci: a gida tana da baki, a kan sawu bebiya ce.

Bisa ƙa'idarsa ya kamata ta bar gidan tun a lokacin. Ya kasa. Bai taɓa ganin hanci irin nata ba, ga shi kuma ta shiga ransa. A ƙarƙashin tebur yake miƙa mata ɓawon cuku, a kan takalmansa take kwana. Ya ce muryar za ta zo. Ya riƙa riƙe ta da igiya a bakin shinge, tsohon zomon yana wucewa ta gabanta, don takaici ya buɗe mata maƙogwaro. Ita kuwa ta yi ta tsala ihu har maƙwabta suna rufe tagogi, shi yana kallonta da tausayi yana cewa, "Dubi, ga baki a buɗe, iska kawai ke fita." Har durƙusawa ya yi a gabanta, ya ɗaga kai sama ya yi mata irin kukan da yake so, ko za ta kwaikwaya. Pimenta ta lashe masa hanci.

Da aka buɗe farauta a watan Oktoba, abin ya daina zama na wasa. Pimenta ce kullum a gaba, sauran suna can baya da kaurin muryarsu. Belmiro yana bin na bayan da kunne, yana lissafin zomo yana ƙasan rafi, sai kawai ya ga zomon ya gifta ta gabansa bindiga tana rataye. Mutumin da ba a taɓa ganin ya sauko hannu rabbana ba, ya sauko haka Alhamis, ya sauko haka Lahadi. Laifin kuwa ya san na wace ce. A shagon kofi ya buga tebur ya ce ya gaji, ɓarauniya ba za ta ƙara kwana a gidansa ba.

"Ba ni ita mana, kumpadre," Custódio ya yi caraf ya ce. "Ta tsare min kaji. Dama bebiya nake nema, matata ba ta son hayaniya."

Duk wanda ke shagon ya dage da kallon kartarsa. Aka tafa hannu, aka ce sai ranar São Martinho.

A bakin Ermelinda Gracinda ta ji labarin, tun kafin mijinta ya iso gida. Washegari ta tare Custódio a bakin famfon dandali.

"Kumpadre, yanzu kai ba ka ji kunya ba?"

"Kunyar me, kumadre? Kyauta aka yi min."

"Kaji! Waɗanne kaji? Wannan gurguwar kazar taka da ko kyanwa ba ta kallo?"

Ya yi dariya, sannan ya cire hula ya sosa ƙeya. "To me kike so in yi? In ban karɓa ba, wani baƙo zai ba, mu da ita sai a labari. A hannuna dai tana gari. Kuma ba zan ɓoye miki ba, tun ina da baƙin gashi nake mafarkin kare irin wannan. In kina so ta zauna a gidanku, hanya ɗaya ce, kin kuma san ta. Ke ce matarsa. Ni dai ko ɗaure ni za a yi ba zan faɗa masa ba."

Gracinda ta koma gida ranta a jagule. Tsoro take ji, ba kaɗan ba. Ta ga tsofaffin garin nan da suka rataye bindiga, suka koma zaman benci a jikin coci, ta kuma ga yadda ba sa daɗewa. In ta faɗa masa, yana iya rataye tasa. In kuma ta yi shiru, da hannunsa zai miƙa karyar da ta fi kowace a rayuwarsa, a gaban mutanen da duk sun san dalili, suna kallonsa da tausayi. Dariya ma da sauƙi. Tausayin nan ne ba za ta iya gani a fuskokinsu ba.

Ta gwada da baki, suna cin miyar kabeji.

"Miro, karyar nan fa tana da murya."

"Ke kuma! Kin taɓa hawa tudu? A tsakar gida kowane kare gwani ne. Miƙo burodi."

Ta miƙa masa burodin. Alhamis ɗin da ta rage kafin biki, ya fito da sassafe ya same ta a ƙofa, ta zura tsofaffin takalmansa ta cusa jarida a ciki, ta ɗaura gyale.

"Ina zuwa haka?"

"Farauta."

"Ke?"

"Ba kai ka ce ban taɓa hawa tudu ba? Yau zan hau."

A dandali maza suka samu abin yi. Wani ya ce an haɗa Ti Belmiro da mai gadi, wani ya tambaya ko ita ma an ja mata fata. Custódio ne kawai bai yi dariya ba. Ya dubi Gracinda, ya dubi Pimenta, ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda bas ta tashi ta bar shi.

Kowa ya kama wurinsa. Belmiro ya tsaya kusa da wata tsohuwar katangar duwatsu, ya gargaɗe ta da kada ta motsa, kada ta yi magana, in da hali ma kada ta yi numfashi. Aka saki karnuka suka nutse cikin sarƙaƙiya. Ba a jima ba siririyar muryar nan ta tsaga kwarin.

"Sun tashe shi," in ji Gracinda.

"Yi min shiru, ba a tashi komai ba."

Sai can Trovão ya saki tasa, sauran suka amsa. Belmiro ya saci kallonta.

"Ya tsallake rafi," ta ce. Can kuma, "Ya juyo. Yana haurowa. Miro, ɗaga bindigarka, ta jikin katanga zai ɓullo."

"Haba mace! Suna can ƙasa tukuna, ba kya ji?"

Zomon ya ɓullo ta jikin katanga. Har ya ɗan tsaya ya dube su, ya motsa hanci, sannan ya wuce abinsa. A bayansa sai ga Pimenta, hanci a ƙasa, baki a buɗe, ta wuce su ko kallo. Sai da aka ɗan jima dattawan suka iso da kaurin muryarsu.

Zomon ya sake yin kewaye. Wannan karon da Gracinda ta ce ɗaga, ya ɗaga. Da ta ce ga shi nan, ga shi nan ɗin. Harbi ɗaya ya yi. Amma bai je ya ɗauka ba, sai ya nemi dutse ya zauna, ya ɗora bindigar a cinya.

"Wa ya koya miki?"

"Kai mana. Tun yaushe nake cin abinci da labarin nan? Amma ba ni na san inda zomon yake ba, Miro. Ita take faɗa. Tun ranar fatar farko take faɗa. Har ƙauyen gaba ana jin ta."

Ya ɗago kai. "Kowa yana ji?"

"Kowa."

"Har Custódio?"

"Shi ya ma fi kowa."

Kunnuwansa suka yi ja. Ya kira Pimenta, ta zo tana kaɗa wutsiya. Ya ce wa Gracinda ta ɗauko zomon ta ja shi a ƙasa ta gabansu, shi kuma ya riƙe karyar a ƙirji. Pimenta ta buɗe baki, Gracinda ta runtse ido don zafin ƙarar. Belmiro ya ɗora tafin hannunsa a maƙogwaron karyar. Yana jin yadda yake karkarwa a hannunsa, da ƙarfi, ba tsayawa. Ya daɗe a haka kafin ya sake ta.

Suka sauko gida. Ta dafa shinkafa da naman zomon yadda yake so, ya taɓa kaɗan ya ture. Ya goge bindiga ya rataye ta a ƙusarta, Gracinda tana kallo, ta kasa gane ko ratayewar kullum ce ko wata ce daban. A kwanakin da suka rage bai je shagon kofi ba. Ya yi ta faskaren itacen da ba su ma bukata.

Ranar biki da la'asar aka hura wuta a dandali, kastanya tana fashewa a cikin garwashi, mata suna shafa wa juna baƙin toka a kumatu ana shewa. Belmiro ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya ɗaura wa Pimenta igiya.

"Bayarwa za ka yi?" Gracinda ta tambaya.

"Na yi magana a gaban mutane."

Sai da ya fara raba sauran kwiyakwiyan, kowa da nasa da gargaɗinsa. Sannan ya jawo Pimenta tsakiyar fili, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, an ce min karyar nan tana da murya."

Mai zuba giya ya tsaya da tulu a karkace.

"An ce min har ta addabe ku. To ni ban taɓa ji ba. Ashe kunnen ya daɗe da yin gaba, ku kuma munafukai kun zauna kuna ta yi min ihu a wurin karta. Na rantse na ɗauka ku ne duk kuka kurmance, har tausayinku nake ji!"

Dariyar da aka kece da ita sai da ta firgita karnuka. Ermelinda ta ɗaga hannuwa sama.

"Allah na gode maka, yau zan faɗa! Ti Belmiro, tun da aka haifi karyar nan ban ƙara barcin rana ba!"

"To mu fa?" wani ya ɗaga murya daga baya. "Mu da muka cika gidajenmu da masu kaurin murya?"

"Wa ya aike ku? Ni ina da uzuri, ku fa?"

Gracinda tana gefe, ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta. Amma igiyar tana nan. Belmiro ya taka har gaban Custódio, ya kamo hannunsa, ya danƙa masa.

Custódio ya riƙe igiyar. Ya sunkuya ya shafa kan Pimenta, ya ɗaga kunnenta ɗaya ya saki, ya duba tafin ƙafarta. Duk wanda ke wurin ya san yana son ta har cikin ransa, kuma al'ada tana bayansa. Ya daɗe a sunkuye.

"Kumpadre," ya ce da ya miƙe, da ƙarfi yadda za a ji, "bebiya ka yi min alkawari ko ba bebiya ba?"

"Bebiya."

"To ina take? Wannan in ta buɗe baki ai kazata sai ta daina ƙwai. Riƙe kayanka, ka je ka nemo min bebiya."

"Abin da aka bayar yau ba ya dawowa, ka sani."

"Wa ya ce na karɓa? Dubawa na yi." Ya cusa masa igiyar a hannu ya matse. "Amma ka ji, in ta haihu ni zan fara zaɓe. Kuma da kunnena zan zaɓa, ba da wannan naka na ado ba."

Belmiro ya zage shi zagi mai kyau, Custódio ya rama, aka zuba musu giya.

Tun rana ba ta faɗi ba suka kama hanyar gida, Pimenta tana gaba tana shinshinar kowane dutse, aljihun Gracinda cike da kastanya mai ɗumi. Sun wuce famfo, sun wuce gonar zaitun, sannan ya yi magana.

"Gracinda."

"Na'am."

"Yaya muryar take?"

"Mummuna ce, Miro. Ban taɓa jin mai muninta ba. Amma ba ta taɓa ɗaga ta a banza ba."

Ya gyaɗa kai, da alama amsar ta yi masa. Suka ƙara tafiya kaɗan.

"Me kuma ba na ji?"

Ta yi tunani. "Tsuntsaye da safe. Gyare a lokacin zafi." Ta dube shi. "Da dariyata."

Ya tsaya. "Kina dariya?"

"Kullum. Wa zai zauna da kai bai yi ba? Yau ma a dandali sai da cikina ya ƙulle."

"Ina ganin kafaɗunki suna motsi," ya ce a hankali, "amma ba na jin komai. Na ɗauka kin gaji da labaraina ne, kina yi don kada in ji kunya. Na daɗe abin nan yana cin raina, ban faɗa ba."

Gracinda ta ji hawaye sun cika mata ido. Duk tsawon lokacin nan tana tsare masa girmansa a wurin maza, ba ta taɓa sanin abin da shirun ya ɗauke masa a cikin gida ba. Ta kama hannunsa ta riƙe.

"Akwai likitan kunne a Mirandela, ko?" ya tambaya.

"Akwai."

"To ki bugo wa Ondina ta nema mana rana. Kafin nan dai ke za ki riƙa hawa tudu da ni." Ya gyara hula. "Allah ya sa likitan ba ƙarami ba ne. In yaro ne ya leƙa kunnen nan, sai an ɗaura masa igiya a ƙugu, kada ya faɗa ciki a rasa shi."

Ta tuntsire da dariya. Shi kuwa ya tsaya cak a tsakiyar hanya, yana kallon bakinta har ta gama.